Coci na nan, firist babu: yadda ɗarikar Efiskofal ta Amurka ke sake raba aikin hidima

A watan Yunin 2024 Babban Taron ɗarikar Efiskofal ta Amurka ya zauna a birnin Louisville da ke jihar Kentaki, ya amince da haɗewa guda biyu. Dayosis (yankin da ke ƙarƙashin bishop) uku na jihar Wiskonsin, wato Milwaukee da Fond du Lac da Eau Claire, suka dunƙule suka koma ɗaya. A jihar Mishigan kuma, dayosis ta Gabas da ta Yamma suka zama dayosis ta Manyan Tafkuna. A wannan zama ne dai aka zaɓi Sean Rowe ya zama shugaban bishop-bishop na ɗarikar, mutumin da daga 2019 har zuwa lokacin yake riƙe da dayosis biyu maƙwabtan juna a lokaci guda, ta Arewa maso Yammacin Pensilbeniya da ta Yammacin New York. Ba a rufa shekara ba, dayosis ta Bethlehem da ta Tsakiyar Pensilbeniya su ma suka kaɗa ƙuri'ar haɗewa.

Wanda ya saba da ɗarikar Anglikan a Najeriya, inda labarin da aka fi ji shi ne na yanka sabuwar dayosis daga jikin tsohuwa, dole abin ya ɗaure masa kai. Efiskofal ita ce reshen Anglikan na Amurka, tsarin bishop da firist da dikin duk iri ɗaya ne, ko da yake dangantaka tsakanin rassan biyu ta yi tsami tun 2003, lokacin da Efiskofal ta naɗa Gene Robinson bishop, mutumin da ya bayyana a fili cewa yana zaman tare da namiji ɗan'uwansa. To me ya sa coci mai dukiya, mai makarantun tauhidi tun ƙarni na 19, yake ta tsuke kansa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙarancin firistoci. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ta bar rabin zancen a baya. Abin da ya yi wuya a yankuna da yawa shi ne ikilisiyar da za ta iya ɗaukar nauyin firist na cikakken lokaci. Haɗe dayosis gyara ne na ofis. Babbar muhawarar tana ƙasa: wa zai yi wane aiki ranar Lahadi, wa zai horar da shi, wa zai biya.

## Wa ke aiki, wa ke biya

Dayosis yanki ne da ke ƙarƙashin bishop. Ɗarikar tana da su fiye da 100, galibinsu a cikin Amurka, wasu a ƙasashe irin su Haiti da Honduras da Taiwan. Ba daga sama ake turo bishop ba. Taron dayosis ne ke zaɓensa, limamai da wakilan jama'a tare, sannan zaɓen ba ya tabbata sai mafi rinjayen sauran bishop-bishop da kwamitocin dindindin na sauran dayosis sun amince. A riƙe wannan, za a buƙace shi nan gaba.

Firist ne, bayan bishop, ke da ikon tsarkake gurasa da ruwan inabi a Jibin Ubangiji, da furta gafara, da sa albarka da sunan ikilisiya. Tun 1976 dokar ɗarikar ta buɗe wa mata wannan matsayi, don haka duk inda aka ce firist a nan, mace ma na ciki. Dikin kuwa aikinsa ya fi karkata ga hidimar matalauta da marasa lafiya da karanta Bishara a sujada, kuma yawancin masu zama dikin na dindindin ba a ba su albashi. Sai kuma masu bi da ba a naɗa ba, waɗanda bishop ke iya ba wa lasisi na aiki takamaimai: jagorancin sujada, wa'azi, raba gurasa da ƙoƙo, kai Jibi ga marasa lafiya a gida, koyar da katikizim, bishara, har da kula da ikilisiya gaba ɗayanta idan babu firist.

Inda tsarin ya bambanta da abin da mutane da yawa suka sani shi ne wajen ɗaukar aiki. A ikilisiyar da ke tsaye da ƙafafunta, bishop ba ya yi wa firist canjin wuri yadda ake yi wa ma'aikacin gwamnati. Kwamitin ikilisiya ne ke tallata gurbi, firistoci su nema, a gana da su, a zaɓi ɗaya da yardar bishop, ikilisiyar kuma ita ce za ta biya shi daga baikon da take tarawa da abin da magabata suka bar mata. Sakamakon a fili yake. Firist mai iyali, wanda matarsa ke da nata aiki, 'ya'yansa na makaranta, ba zai nemi gurbi a ƙauyen da ke da nisan awa uku daga babban asibiti a kan rabin albashi ba. Ana iya samun masu neman aiki da yawa a manyan birane alhali gurbin karkara ya shekara biyu ba wanda ya ɗaga waya.

## Inda lissafin ya karye

A tsakiyar shekarun 1960 mambobin ɗarikar sun haura miliyan 3. A 2023 sun koma kimanin miliyan 1.5. Adadin da masu tsara aiki suka fi dubawa shi ne na masu zuwa sujada ranar Lahadi: sama da 500,000 a 2019, ya faɗi warwas lokacin annobar korona, ya ɗan farfaɗo zuwa kimanin 410,000 a 2023. Ikilisiyoyi kuwa sun haura 6,000, kuma rabinsu ba sa tara mutum 40 a Lahadi guda. Dalilan raguwar suna da yawa: haihuwa ta ragu, matasa sun bar ƙananan garuruwa, Amurkawa da yawa sun daina zuwa kowane irin wurin ibada, sannan wasu ikilisiyoyi da dayosis sun ɓalle bayan naɗin Gene Robinson a 2003, suka kafa wata ɗarikar Anglikan dabam a 2009.

Yanzu a ɗora nauyin firist a kan waɗannan mutum 40. Ban da albashi akwai gida ko kuɗin haya. Akwai inshorar lafiya, wadda a Amurka tsadarta ba ta wasa ba ce, kuma tun 2009 Babban Taro ya wajabta a sayo ta ta hanyar shirin ɗarikar ga masu aikin da ya kai wani adadin sa'o'i. Akwai fansho: a kan kowace dala 100 da aka biya firist, sai ikilisiya ta aika dala 18 ga asusun fansho na ɗarikar, wanda ya fara aiki a 1917. Ikilisiya na ba dayosis kasonta, dayosis kuma na miƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hedikwata. Ga tsohon ginin dutse da ke bukatar ɗumamawa duk tsawon hunturu, ga rufin da ke yoyo. Mutum 40, galibinsu masu cin fansho, ba za su iya ba.

Akwai wani dalili da ba a cika ambatarsa ba, kuma shi ne ya mayar da matsalar kuɗi ta zama matsalar ibada. Kafin 1979, a ikilisiyoyin Efiskofal da yawa babbar sujadar Lahadi ita ce Addu'ar Safe, wadda mai karatu mai lasisi ke iya jagoranta, Jibi kuma sau ɗaya a wata. Littafin Addu'a na 1979 ya bayyana Jibin Ubangiji a matsayin babbar ibadar ranar Lahadi. Cikin ƙarni guda na mutane, masu bi suka saba cewa Lahadin da ba a karɓi Jibi ba kamar ba a je coci ba ne. Wato ɗarikar ta ƙara wa kanta bukatar firist a kowane bagade kowane mako, daidai lokacin da kuɗin biyansa ya fara janyewa. Littafin nan dai shi ne kuma ya lissafa masu hidimar ikilisiya ya fara da masu bi na gama-gari kafin bishop da firist da dikin, ya ce baftisma ce tushen kowace hidima. Ɓangarorin muhawarar yau duka daga wannan littafi suke ɗauko hujjarsu.

## Doguwar hanyar naɗi

Ba a wayi gari a zama firist. Mai jin kira yana farawa da zama da wani ƙaramin kwamiti a ikilisiyarsa, su yi watanni suna tattaunawa da addu'a. Kwamitin ikilisiya ya gabatar da sunansa. Bishop da hukumar hidima ta dayosis su gana da shi, a yi masa gwajin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, a binciki tarihinsa, a karɓe shi mataki na farko, daga baya na biyu. Dokar ɗarikar ta ce sai ya nuna ƙwarewa a fannoni shida: Littafi Mai Tsarki, tarihin ikilisiya, tauhidi, ɗabi'a, sujada, da aikin hidima a cikin al'ummar yau. Ana fara naɗa shi dikin, ya yi aƙalla wata shida kafin ya zama firist. A ɗaya ƙarshen kuma, dokar ta ce da ya cika shekara 72 sai ya ajiye muƙami, ko da yake bishop na iya barinsa ya ci gaba da taimakawa.

Hanyar da aka gada ita ce mutum ya gama digiri na farko, ya kwashe iyalinsa ya koma makarantar tauhidi ya zauna shekara uku. Ga wanda ya ji kira yana ɗan shekara 50, da gida da bashi da aiki, wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, musamman idan abin da ke jiransa a ƙarshe aikin rabin lokaci ne. Makarantun su ma sun ji a jikinsu. Makarantar tauhidi ta Efiskofal da ke Cambridge a jihar Masachuset ta daina ba da digiri a 2017. Babbar makarantar da aka kafa a New York a 1817, wadda ta fi kowacce tsufa a ɗarikar, ta shiga ƙarƙashin jagoranci ɗaya da makarantar tauhidi ta jihar Bajiniya a 2022, ta koma karatun da yawancinsa ta intanet ake yi, a 2024 kuma ta ba jami'ar Vanderbilt hayar harabarta. Ta Berkeley a Kalifoniya ta sanar a 2023 cewa za ta rufe karatun kwana. Waɗanda suka riƙe tsohon salon sun haɗa da Bajiniya, da Sewanee a Tenesi, da Nashotah a Wiskonsin, da ta Austin a Teksas.

A gefe guda makarantun dayosis suka taso. Dayosis ta Teksas ta buɗe makarantar Iona a 2004: ɗalibi na nan a garinsa yana sana'arsa, sau ɗaya a wata ya je ya kwana biyu ana karatu, har shekara uku. Daga baya makarantar tauhidi ta Austin ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi, tana shirya darussa na bidiyo da manhaja, dayosis masu yawa suna koyarwa da malamansu na gida. A 2013 dayosis huɗu, Kansas da Yammacin Kansas da Yammacin Misuri da Nebraska, suka haɗa hannu suka kafa makarantar Bishop Kemper a garin Topeka bisa irin wannan salo. A aji ɗaya za a iya samun mai shirin zama firist, da mai shirin zama dikin, da malamar makaranta da kawai lasisin wa'azi take nema.

## Gwajin Arewacin Mishigan

Babu inda aka kai wannan tunani nesa kamar dayosis ta Arewacin Mishigan. Yankin wani zirin ƙasa ne tsakanin manyan tafkuna, mutanensa kimanin 300,000, sai a 1957 aka gina gadar Mackinac da ta haɗa shi da sauran jihar. Arzikinsa na tagulla da tama da katako ne. Ma'adinan tagulla suka rurrufe, sansanin sojan sama na kusa da Marquette, inda hedikwatar dayosis take, ya rufe a 1995, matasa suka yi kudu neman aiki. Garuruwan sun yi wa juna nisa, dusar ƙanƙara na wahalar da tafiya watanni. Abin da ikilisiyoyin suka saba gani shi ne sabon firist ya zo daga makaranta, ya yi shekara biyu ko uku a kan ɗan albashi, ya samu gurbi mafi kyau ya tafi, a koma jira. Duk lokacin jira, wasu iyalai kan sulale.

Tom Ray ya zama bishop a can a 1982. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Jim Kelsey wanda ya gaje shi a 1999, suka ɗauko wani tunani da ya daɗe yana yawo. Asalinsa na komawa ga Roland Allen, ɗan mishan na Ingila da ya yi aiki a arewacin ƙasar Sin, wanda a 1912 ya rubuta cewa Manzo Bulus ba ya barin ikilisiya tana jiran limami daga waje: yakan naɗa dattawa daga cikinta, ya bar mata Jibi da Littafi, ya wuce gaba. An daɗe ba a saurare shi ba, ya rasu a Nairobi a 1947. Bishop William Gordon na Alaska ya farfaɗo da zancen saboda ƙauyukan 'yan asalin yankin da jirgin sama kaɗai ke kaiwa, kuma a 1970 Babban Taro ya yi dokar da ta ba da dama a naɗa mutumin gari firist domin ikilisiyarsa kaɗai, a wuraren da suke ƙanana, ko nesa, ko masu harshe da al'ada na dabam. Bishop Wesley Frensdorff ya gina aikinsa a jihar Nebada a kan wannan daga 1972.

Yadda ake yi a Arewacin Mishigan ya cancanci a duba shi da kyau, domin ya juya tsarin da aka saba. Mutum ba ya tashi ya ce ya ji kira. Ikilisiya ce ke zama, bayan ta daɗe tana nazari, ta lissafa ayyukan da ake bukata: mai jagorancin Jibi, mai wa'azi, mai ziyarar marasa lafiya, mai koyar da yara da manya, mai kula da baiko da kuɗi, mai haɗa ikilisiya da bukatun gari. A kan kowane aiki, mambobi su ambaci wanda suke ganin Allah ya ba shi baiwar. Sai a je a sami mutumin a ce masa, 'yan'uwanka sun ga wannan a jikinka, za ka karɓa? Waɗanda suka amsa su zama ƙungiya, su yi shekaru suna karatu tare a garinsu, sau da yawa a ɗakin taro na coci bayan an tashi aiki. A ƙarshe bishop ya zo, a sujada guda ya naɗa biyu ko uku firistoci, wani dikin, ya ƙaddamar da sauran. Ba wanda ake biya a cikinsu. Matar da ke tsaye a bagade da farar riga ranar Lahadi, ranar Litinin tana bakin aikinta a asibiti ko a kanti, kuma ba lallai ita ce mai wa'azi ba.

Masu digirin tauhidi ba su ɓace ba, aikinsu ne ya canja. Dayosis na ɗaukar kaɗan daga cikinsu aiki, kowanne ya riƙe ikilisiyoyi da dama a shiyya guda, yana zagayawa yana koyarwa, yana ba da shawara, yana sulhu idan rigima ta tashi. Ikilisiyoyin na haɗa kuɗi su biya shi. Kuɗin da a da ake kashewa kan neman firist ɗaya ga coci ɗaya ya koma kan horar da mutane da yawa.

## Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ba dabarar talauci ba ce kawai. A ganinsu tsohon salon ya mayar da masu bi 'yan kallo, sun ɗauki ma'aikaci ya yi musu addini, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suna nuna cewa ikilisiyar da ke da ƙungiya ba ta rasa Jibi don mutum ɗaya ya yi ƙaura ko ya kwanta ciwo, kuma shugabanninta sun san garin, sun san wanda aka sallama daga aiki da wanda ɗansa ya shiga shaye-shaye. A cikin al'ummomin 'yan asalin Amurka, hujjar ta fi ƙarfi: firist da ke jin harshen mutane ya fi baƙo mai digiri amfani.

Masu suka ba mutane ne marasa tausayin ƙananan coci ba, kuma damuwarsu na da tushe. Ta farko ita ce zurfin ilimi. Karatun ƙarshen mako ba zai ba da Girkanci da Ibrananci da shekaru uku na addu'a safe da yamma cikin jama'ar ɗalibai ba, kuma suna tsoron wa'azi ya zama ra'ayin mai magana. Ta biyu ita ce a samu firistoci aji biyu, na masu kuɗi a birni da na talakawa a karkara. Wannan sukar ce ta taimaka wajen soke dokar firist na gari a 2003, aka mayar da ƙa'idar naɗi ɗaya ga kowa, aka bar wa bishop ya yanke irin horon da ya dace. Gyaran ya kawar da bambancin a takarda, amma ya haifar da sabuwar tambaya: wanda aka horar domin ƙauye guda, idan ya yi ƙaura zuwa wata jiha, shin za a ba shi babbar ikilisiya? Ta uku ita ce kusanci. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, wa zai kai wa maƙwabcinsa sirrin aurensa, kuma wa zai tsawata wa firist idan ƙanin ma'ajin coci ne? Ta huɗu, wadda ta fi nauyi a lissafin masu tsarawa, ita ce gado. Ƙungiyar farko kan fito da zafinta. Bayan shekara 15 mambobinta sun tsufa, kuma idan garin bai samu sababbin mutane ba, babu inda za a samo ta biyu.

Adadi bai raba gardamar ba. Dayosis ta Arewacin Mishigan ta ci gaba da raguwa, tana cikin mafi ƙanƙanta a ɗarikar. Masu suka na cewa ga shaida nan. Masu goyon baya na amsawa cewa dayosis masu firistoci na cikakken lokaci su ma raguwa suke, kuma abin tambaya shi ne ƙofofi nawa ne da tuni an rufe da ba don ƙungiyoyin ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne tsarin ya riƙe sujada da Jibi a wuraren da kuɗi ya ƙare, amma bai dawo da mutanen da tattalin arziki ya kora ba.

Iyakar tsarin ta fito fili a 2009. Bayan rasuwar Jim Kelsey a haɗarin mota a 2007, dayosis ta nemi magajinsa da salon da ta saba: kwamiti ya yi nazari ya fito da suna ɗaya tak, Kevin Thew Forrester, tare da ƙungiyar da za ta yi aiki da shi. Taron dayosis ya zaɓe shi. Sauran ɗarikar ta ƙi amincewa. Wasu sun ƙi ne saboda zaɓen ɗan takara guda, wasu saboda sauye-sauyen da ya yi wa kalmomin baftisma, wasu saboda alaƙarsa da salon zuzzurfan tunani na mabiya Buddha. Sai da aka sake zaɓe da 'yan takara fiye da ɗaya, Rayford Ray ya zama bishop a 2011. Dayosis na da 'yancin tsara ƙauyukanta yadda ta ga dama, amma bishop na ɗarikar duka ne.

## Sauran dabarun

Yawancin dayosis ba su bi Arewacin Mishigan har ƙarshe ba, sun ɗebi nan sun ɗebi can. Mafi yaɗuwa shi ne firist na rabin lokaci, ko mai sana'a biyu. Sai haɗa ikilisiya biyu ko uku su ɗauki mutum ɗaya, ya yi sujadar ƙarfe takwas a nan, ya ja mota ya yi ta ƙarfe goma sha ɗaya a can. Sai firistocin da suka yi ritaya, waɗanda ake biya ladan Lahadi da kuɗin mai, kuma a gaskiya su ne ke riƙe da ɗimbin ƙananan coci a yau. Tun 2001 akwai yarjejeniya da babbar ɗarikar Lutheran ta Amurka da ta ba da dama faston ɗaya ɓangaren ya yi hidima a ɗayan, abin da ke da amfani ƙwarai a jihohin arewa inda jikokin 'yan Finland da Suwidin da Jamus suka cika garuruwa da cocin Lutheran.

Haɗe dayosis na shigowa ne a nan. Bishop ɗaya maimakon uku, ofishin kuɗi ɗaya, hukumar hidima ɗaya, taron shekara ɗaya. Ƙaramar dayosis kan rasa ma mutanen da za su cike kujerun kwamitocin da doka ta wajabta, kuma ba ta da ɗaliban da za su isa a buɗe aji. Idan an haɗu, ana iya ɗaukar ma'aikaci guda da aikinsa kawai horar da masu wa'azi ne. Farashinsa shi ne nisa: bishop da ke da ikilisiyoyi kusan 100 ba zai san su kamar mai 20 ba, kuma ƙananan coci na gefe suna tsoron muryarsu ta nutse a babban taro. Ko kuɗin da aka tsimi ya isa ƙauye ko ya tsaya a sabon ofis, wannan kasafin kuɗin kowace dayosis ne zai nuna.

## Abin da mai zuwa coci zai gani

Ga tsohuwar da ta shekara 60 tana zama a benci ɗaya, sauyin na farko shi ne jadawali. Wataƙila Jibi ya koma sau biyu a wata, sauran Lahadi wani maƙwabcinta mai lasisi ya jagoranci Addu'ar Safe. Lokacin sujada na iya motsawa don ya dace da tafiyar firist. Idan aka kwantar da ita a asibiti, mai zuwa da gurasar da aka tsarkake ɗan'uwa ne daga ikilisiya, ba mai farin kwala ba, kuma wasu tsofaffi har yanzu suna jin kamar coci bai zo ba. Jana'iza da ɗaurin aure sai an duba ranar da firist zai samu.

Nauyi zai ƙaru a kan 'yan kwamiti. Takardun inshora, gyaran tukunyar ɗumama ɗaki, rahoton shekara ga dayosis, horon kare yara da masu rauni da doka ta wajabta wa duk mai aiki da su, duk waɗannan da suna kan teburin firist. Inda mutum shida ne ke yin komai, gajiya ce ke rufe coci kafin kuɗi ya ƙare.

Ga masu son shiga aikin kuwa, ƙofa ta faɗaɗa ta wani gefen, ta tsuke ta wani. Ma'aikaciyar jinya mai shekara 55 na iya zama firist ba tare da ta sayar da gidanta ba. Saurayi mai shekara 25 da ke son ya yi wannan aiki shi kaɗai har tsufa zai tarar guraben cikakken lokaci sun taru a birane da unguwannin masu hali. Fansho ma na bin albashi ne, saboda haka wanda ya yi shekara 20 a kan rubu'in albashi zai yi ritaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya yi kyauta kuwa kusan babu abin da zai tara ta wannan hanya. Wannan batu, da na yadda za a auna horon makarantun dayosis da ma'auni ɗaya, suna cikin abubuwan da dokokin ɗarikar ba su gama warwarewa ba, kuma Babban Taron da ke da ikon taɓa dokokin zai sake zama ne a birnin Phoenix na jihar Arizona a 2027.